Gaban Baba a Kwanon Tuwo

A gidanmu na Fadaman Mada akwai reshen mangwaro da ya tsallako katanga ya shigo tsakar gida, amma bishiyar ba tamu ba ce. Ta maƙwabcinmu ce, wani ɗan ƙabilar Sayawa daga wajen Bogoro da ya yi kanikanci a ma'aikatar gwamnati har ya yi ritaya. Mun taso muna ce masa Kawu, sai da na yi wayo sosai na gane ba mu haɗa jini ba, shi coci yake zuwa ran Lahadi. Baba kuwa malamin gona ne, kuma a kan itacen mutane ba ya wasa. Ko mangwaro ya nuna ya faɗo da kansa a gaban murhun Inna, ba mai ɗauka sai an nemi izini. Duk shekara sai Baba ya sa hula ya zagaya ta ƙofa, ya yi sallama kamar baƙo, ya ce ya zo ne a kan maganar reshen nan. Kawu sai ya ɓata fuska ya ce bana sai ya yi tunani. Sai sun gama shan dariyarsu sannan ya ce ya yafe, mu kuma muna bayan katanga muna haɗiyar yawu.

Ni aka sa wa sunan mahaifiyar Baba, shi ya sa Uwata yake kirana, kuma ni kaɗai cikin 'ya'yansa nake iya yi masa faɗa in kwana lafiya. Baki gare ni, ba sai an faɗa mini ba. Ko bayan na yi aure na koma Gwallameji, ina tashi daga makarantar da nake koyarwa sai in tari keke in biyo ta gida, in nemi abin da zan yi mita a kansa, in kankare ƙanzon Inna, sannan in wuce.

In na yi yamma a gidan nakan tarar dattawan layinmu sun shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar ƙofar gida. Ciyayya suke yi tun kafin a haife ni. Bayan magariba kowane gida zai fito da kwanonsa, a buɗe ɗaya a cinye tare, sannan a jawo na gaba. Kawu ne mai gadin kwanuka har su Baba su dawo daga masallaci, kuma bai taɓa ɗaga murfi kafin su iso ba. Kowa da wurin zamansa, kowa kuma gabansa yake ci. Baba yana jingine da gindin bishiyar, Kawu yana damansa. Ko baƙo suka yi sai dai a matsa masa wani wurin.

Damina ta fara ja da baya lokacin da abin ya sami Baba. Ya tsuguna zai yi alwalar azahar, buta ta suɓuce daga hannunsa, ya ɗauka ta sake faɗuwa. Inna ta ce da ta dube shi sai ta ga bakinsa ya karkace, yana so ya kira ta ya kasa. Hawan jini ne da ya daɗe yana wasa da maganinsa, ya shanye masa ɓarin dama. Mun yi zaman asibiti, mun yi kuka, mun yi addu'a, Allah kuma ya ji ƙanmu. Magana ta dawo, ko da yake da ɗan nauyi. Ƙafa ma ta dawo, yana takawa da sanda. Hannun dama ne ya ƙi, yana rataye a gefensa, yatsun a dunƙule kamar ya ɓoye wani abu a ciki.

Tun da muka dawo gida Baba bai sake leƙa ƙofa ba. Masu zuwa dubiya sai dai a ce musu yana barci. Kawu kullum sai ya zo ya tsaya a soro ya yi sallama, kullum Inna ta ce masa ai ya ɗan kwanta. Ran nan ina ji ya ce mata, da Hausarsa da ba ruwanta da mace ko namiji, “Wannan miji naka ya fi jariri barci. In ya tashi ka gaya masa ina nan.” Ya juya ya tafi, ni kuwa na shiga ɗakin Baba a fusace.

Na tarar da shi zaune a bakin gado idonsa biyu, ya ja hannun riga ya rufe hannun. Na ce, “Baba, wannan wane irin abu ne? Mutumin da kuka tsufa kuna cin kwano ɗaya, shi za a riƙa yi wa ƙarya a soro?”

Ya ce, “In ya miƙo mini hannu, da wanne zan karɓa?”

Na ce, “Da na hagu mana. Lalura ce. Ko liman ka tambaya haka zai ce maka.”

Ya ce, “Na san hukuncin, Uwata, ba shi ke damuna ba. So kike in zauna cikin mutane in tsoma hagu a kwanon da kowa ke ci? Ba wanda zai ce mini komai, na sani. Shirun da za su yi mini ne ba zan iya ɗauka ba.”

Na buɗe baki zan ƙara, sai na ga leɓensa yana rawa. Tun da nake ban taɓa ganin Baba yana neman yin kuka ba. Na bar masa ɗakin, na je bayan randa na yi nawa.

Shi kaɗai yake cin abinci, a turo masa ƙofa, da cokali a hannun hagu. Ya yi loma kaɗan ya ture. Baba da ya saba cin tuwo cikin gardama da dariya, tuwon kaɗaici ya ƙi wuce masa. Wuyan rigarsa ya fara yi masa yawa. Gaskiya a lokacin ba hannun ne ya fi ba ni tsoro ba. Tsorona kada Baba ya ƙare a cikin ɗakin nan yana jin muryoyin abokansa ta taga, ya ƙi fita har a zo a fitar da shi.

Inna ba ta fasa fitar da kwanon gidanmu ba ko sau ɗaya. Ta ce tun tana amarya take fitar da shi, ba yanzu za ta daina ba. Takan ajiye shi a soro, Kawu ya ɗauka, in sun gama ya dawo da shi. Sai ta lura kullum kwanon yana dawowa da malmala ɗaya a gefe, da miyarta a kai, ba a taɓa ba. Da farko ta ji haushi, ta ɗauka hannunta ne ya lalace saboda tashin hankali. Ta ƙara daddawa, ta ƙara man shanu, malmalar nan tana nan. Ran nan dai ta tare Kawu daga bayan labulen soro ta ce ko miyar tata ce ba ta yi musu ba.

Ya ce, “Miya kam ya yi. Wancan gabansa ne. Wa zai ci gaban mutum?”

Inna ta ɗauki kwanon ta koma ciki. Washegari ta ɗumama malmalar ta kai wa Baba, haka kuma ta ci gaba da yi kowace safiya. Abin mamaki, ɗumamen nan shi kaɗai yake cinyewa tas. Ta ja kunnena ta ce in na kuskura bakin nan nawa ya faɗa masa daga inda yake fitowa, ni da ita ne, don in ya ji zai ji nauyi ya daina ci. Na riƙe maganar, ni da ko kwana ɗaya magana ba ta yi a cikina.

Asibiti sun ce a riƙa kai shi gashi, wato motsa hannun da ake yi don ya farfaɗo. Mun je 'yan lokuta a keke. Kowane rami muka faɗa sai kafaɗar ta yi masa zafi, ga shi sai an tallafe shi ya hau a gaban jama'ar layi. Daga baya ya ce shi ya gama zuwa. Likitar gashin wata matashiya ce mai haƙuri, ba irina ba. Da na je na faɗa mata, ta ce in hannun ya zauna haka zai sandare, amma akwai wani abu da suke gwadawa tare da wasu malaman jami'a a Yelwa, don irin su Baba masu zaman gida. Ta ce ba shi da tsada, da wayar hannu yake aiki, za ta kawo da kanta.

Ta zo da shi a jakarta ran wata Asabar. Wani akwatin roba ne da bai fi ƙaramin kwano ba, ana zura waya a ciki, a ɗaura shi a fuska ya rufe ido kamar tabarau. Sai wata safar hannu mai 'yan wayoyi da ake sa wa hannun da ya shanye. Ta ce in ya sa zai ga kansa a wani wuri, zai kuma ga hannunsa a can. In ya motsa na gaske ko kaɗan ne, na cikin tabarau zai motsa da yawa, ƙwaƙwalwa ta ga hannu yana aiki ta ƙara himma. Ta zaunar da shi a kujera a tsakar gida ta ɗaura masa. Baba ya juya kai dama, ya juya hagu, ya ɗaga sama.

Ta ce, “Me kake gani, Baba?”

Ya ce, “Lambu. Mangwaro ne, sun nuna.”

Ta ce, “Yauwa. Ga kwando nan a gabanka. Ka miƙa hannu ka tsinko na ƙasan nan ka jefa a ciki.”

Maimakon ya miƙa hannu sai ya gyara murya ya ce, “Assalamu alaikum.” Ni da likitar muka dubi juna muka ƙunshe dariya. Ya saurara, ya sake yin sallama, ya sake saurarawa, ya yi ta uku. Sannan ya ce a cire masa, masu lambun ba sa nan.

Likitar ta durƙusa a gabansa ta yi masa bayani a hankali, cewa hoto ne kawai, ba lambun kowa ba ne, waɗanda suka haɗa shi sun yi ne don a tsinka. Ya ce, “Na sani, 'yata, ni ma na yi boko. Ni na san hoto ne, amma hannu bai san hoto ba. Ke kika ce yanzu za a sake koya masa aiki daga farko kamar yaro. To abin da zan fara koya masa kada ya zama ɗaukar abin da ba a ba shi ba.”

Ni kam raina ya ɓaci. Bayan ta tafi ta bar mana kayan na ce masa wannan ba tsoron Allah ba ne, neman hanyar gudu ne. Na ce yarinya ta bar hutunta ta zo har gida, shi kuma ya tsaya yi wa waya sallama. Ya ɗauki sandarsa ya shige ɗaki. Har yau ina ganin duka biyun ne, da gaske yake a kan maganar hannun, kuma yana tsoron ya miƙa a gabanmu hannun ya ƙi tashi.

Na koma wajen murhu ina ta mita. Inna tana tankaɗen gari ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce, “Mangwaro kika ce ko? To a gidan nan mangwaro na mutum ɗaya ne.” Na tsaya ina kallonta. Ta ce, “Kina kallona, ki zagaya ta ƙofa mana.”

Kawu bai bari na gama bayani ba ya fara neman takalminsa. Na ce ya dakata sai gobe da la'asar, kuma ya tsaya a soro sai na yafito shi. Washegari na lallaɓa Baba na ce ya daure ya sake sa tabarau ya yi sallama ko sau ɗaya, wataƙila yau mai lambun yana nan. Ya ce, “Ke dai Uwata ba kya gajiya.” Na ɗaura masa, na sa masa safar, na yafito Kawu. Ya shigo da sanɗa, takalmi a hannu, ya tsaya bayan kujerar. Da ya ga yadda Baba ya rame sai ya kawar da kai ya dubi katanga.

Baba ya ce, “Assalamu alaikum,” da muryar wanda yake so a ƙyale shi.

Kawu ya ce, “Amin, alaikumus salam. Wane ne a lambuna?”

Jikin Baba ya ƙame. Hannunsa na hagu ya tashi zai fizge tabarau, ya kai har goshi, sai ya tsaya. Na ɗauka yau na jawo wa kaina, zai kore mu duka. Hannun ya sauko a hankali ya koma kan cinya. Can sai ya ce, “Na zo ne a kan maganar reshen nan.”

Kawu ya ce, “Bana kam sai na yi tunani.” Ya share ido da bayan hannu. “To na yafe. Amma ni ba na tsinko wa kowa, kuma lambuna ba a tsinka da hagu.”

Na zuba wa hannun Baba ido. Kafaɗar ta motsa, gwiwar hannun ta ɗan ɗaga daga cinya, kaɗan ƙwarai, gumi ya keto masa. Wayar ta yi wani ɗan ƙara, Baba ya ce, “Ya faɗa kwando.” Kawu ya ce, “Ɗaya tak? Da na san raggon ma'aikaci ne da ban yafe ba.” Baba ya yi dariya, ta farko tun da ya kwanta. Da ya ce ya gaji jiri na ɗibarsa, Kawu ya ɗauki takalminsa ya fice kafin in kwance tabarau. Ba wanda ya ce ya yi haka, shi ya san abokinsa.

Haka abin ya zama kullum bayan la'asar. Sai an rufe wa Baba ido Kawu zai shigo, ya amsa sallama, ya riƙe bayan kujera saboda jiri, ya kuma fita kafin a buɗe. In dai Baba ba ya ganin fuskar mutum, ba ya jin kunyar a ga hannunsa. Suna yi suna gardama. Malamin gonan da ke jikin Baba ya tashi, ya ce duk wanda ya dasa lambun nan bai san aiki ba, ya cushe bishiyoyi wuri ɗaya, kuma shi bai taɓa ganin mangwaron da ba ruwansa da rani ko damina ba. Kawu da bai taɓa leƙa cikin tabarau ba ya dage yana kare lambunsa, wai irin Bogoro ne, 'yan birni ba su san shi ba. In ba wuta kuma wayar ta mutu, shi zai ɗauke ta ya kai caji shagon bakin titi, yana cewa ya tafi ba lambu ruwa.

Ba kullum ake samun daɗi ba. Wata rana hannun ya ƙi tashi sam, Baba ya ce a ɗauke masa wannan shirme, sai in yi faɗa, Inna ta yi lallashi. Likitar tana zuwa jefi-jefi ta mimmiƙe masa yatsu, ta duba wayar ta ga abin da ya yi, ta ɗaga rassan sama kaɗan don ya ƙara miƙa. Ta kuma sa shi ɗaukar abubuwan gaske in ya cire tabarau, murfin kwalba, goro, carbi. Kafaɗa ce ta fara dawowa, sai gwiwar hannu. Yatsu su suka fi taurin kai. Sanyi ya zo ya wuce, zafi ya shigo, kafin babban yatsa da manuniya su yarda su haɗu. Duk da haka ko soro bai leƙa ba. In na yi masa maganar ciyayya sai ya ce tukuna, hannun yana rawa.

Mangwaron gaske ya nuna a reshen da ke tsakar gidanmu. Bana ba wanda ya zagaya neman izini, don haka in ya faɗo sai Inna ta tsince ta tara a roba ta ajiye a gindin katanga, ba mai sha. Ran nan da la'asar Baba yana cikin lambunsa yana tsinka, sai ya tambaya kamar ba komai ba, “Wa ke jingina da darbejiyar nan yanzu?”

Kawu ya ce, “Wa zai jingina? Wurinka yana nan. Har tuwonka muna bar maka a kwanon gidanka. Ba shi kake ci da safe ba?”

Ashe ba wanda ya ja masa kunne, ni kaɗai aka ja wa. Inna da ke wanke-wanke ta saki kwano a ruwa. Baba ya tsaya da hannu a sama. Ya ce, “Ɗumamen nan?” Ya sauke hannun. Ya ce, “Tun yaushe?” Inna ta ce, ba ta ɗago kai ba, “Tun ranar da muka dawo daga asibiti.”

Ya sa hannun hagu ya zare tabarau da kansa. Kawu bai samu damar gudu ba, yana tsaye riƙe da kujera. Baba ya juya ya dube shi, ya daɗe yana dubansa, ya ce, “Kai ma ka tsufa.” Kawu ya ce, “Gadin lambu ne.” Bai miƙa hannu ba, ya bar hannayensa a kan kujerar. Baba ne ya ɗago nasa na dama, yana rawa, da safar a jiki, ya kai shi rabin hanya. Kawu ya tare shi da hannu biyu. Ni dai na shige ɗakin Inna, don na san in na tsaya zan ɓata musu da kuka.

Bai fita a ranar ba, bai fita washegari ba. Amma ya ce a daina kawo masa cokali. Yakan turo ƙofa ya yi ta fama da tuwo shi kaɗai, Inna ta shiga daga baya ta share abin da ya zuba. Na so in tambaye shi yaushe, Inna ta harare ni, na haɗiye.

Wata Alhamis na biyo daga makaranta na yi yamma a gidan. Bayan ya idar da magariba a ɗaki sai na ji ya ce, “Uwata, miƙo mini hulata.” Na miƙa masa, ya sa da kansa, ta karkace, na kai hannu zan gyara ya ce in bar ta. Ya dogara sanda ya nufi soro. Na bi shi a baya na laɓe a labule.

Dattawan suna zaune, ba a buɗe kwano ba tukuna. Da suka gan shi suka yunƙura za su tashi, ya ce su zauna. Ya lallaɓa ya zauna a wurinsa ya jingina da bishiyar, ya juya damansa ya ce wa Kawu, “Na zo ne a kan maganar reshen nan. Na gasken.” Kawu ya ce, “A ci tuwo tukuna, ba na tunani da yunwa.” Ya jawo kwanon gidanmu ya buɗe, ya zuba miya, ya miƙa wa Baba ruwan wanke hannu.

Baba ya yi bisimilla ya sa hannun dama a gabansa. Ya daɗe kafin ya iya yanko loma. Ya ɗago ta tana rawa, ta kusa kai baki, sai ta suɓuce ta faɗa masa a gaban riga. Wurin ya yi tsit, kowa ya sunkuyar da kai yana kallon tabarma. Shirun nan ne da ya ce mini ba zai iya ɗauka ba. Na ga kafaɗunsa sun sauka, na ga hannun hagu ya fara laluben sanda. Na rufe ido na ce ya Allah kada ka bari ya tashi.

Sai na ji muryar Kawu. “Kai malam, tun damina muke ajiye maka tuwo, ka zo kana ciyar da riga? Riga ba ya cikin ciyayya. In kana so ya ci, ya kawo kwanonsa.”

Wani dattijo ya tuntsire da dariya har ya ƙware, sauran suka ɗauka. Baba ya ce, “Kanikawa dai ba ku da tarbiyya,” ya tsince lomar daga riga ya ajiye gefe, ya sake sa hannu. Ta biyu ta shiga baki. Nan da nan suka koma gardamarsu a kan taki da farashin masara, kamar jiya ya bar wurin. Yana ci a hankali, su ma na lura sun rage sauri, ba wanda ya dubi hannunsa.

Hannun Baba bai koma yadda yake da ba, har yanzu ba ya iya ɓalle maɓallin riga, kuma bai daina shiga lambunsa da la'asar ba. Amma a wannan yammacin ban tuna da komai daga cikin wannan ba. Da suka gama, Kawu ya ajiye kwanon a soro, ya ɗaga murya don a ji a ciki ya ce mangwaro ya yafe. Na ɗauki kwanon na kai wa Inna wajen murhu.

Ta ɗaga murfi kamar yadda ta saba, ta riga ta jawo 'yar tukunyar da take ajiye malmalar a ciki. Kwanon wayam, har miyar an suɗe. Ta juya shi ta dubi gefen da ta saba gani, ta sa yatsa ta shafa wurin. Ta ce, “To ni gobe da safe me zan ɗumama masa?” Ta zauna a kujerarta 'yar tsugunne da kwanon a cinya, ta ja bakin mayafi ta rufe fuska.